Ɗan shekara uku da gemu: labarin manyan garkunan taurari na farkon halitta

Abin da ya jawo rubutun nan wani saƙo ne da aka turo gurup ɗin 'yan ajinmu na sakandare a WhatsApp, irin saƙon nan da aka yi ta turawa har hoton ya dishe, wai Turawa sun ƙaryata kansu da kansu, sabon madubin hangen nesan da suka harba ya gano cewa duk labarin Babbar Fashewa, wato bayanin masana cewa halitta ta faro a cure wuri ɗaya sannan ta yi ta faɗaɗa, ƙarya ne. Nan da nan aka fara Allahu Akbar, wani ya ce ai dama mun faɗa, wani kuma ya kira sunana ya ce Malam kai da ka karanta fizik sai ka zo ka kare iyayen gidanka. Ni dai ban ce komai ba a lokacin saboda cajina saura kashi 9 kuma kwana biyu ba mu ga wuta ba a unguwarmu.

Daren nan a saman bene muka kwana, zafin bazara ya hana kowa zaman ɗaki. In an ɗauke wuta a Kano gaba ɗaya sama takan dawo mana, taurarin da ka manta da su sai ka gan su reras, Kaza da 'ya'yanta ta yi ƙasa can yamma tana shirin faɗuwa. Ɗan yayana da ke aji biyar na sakandare yana kwance gefena a tabarma, shi ma ya ga irin saƙon a wayar mamarsa, ya ce Baffa wai da gaske ne? Na ce masa tashi ka leƙa unguwa ka faɗa min gidan da ya fi kowanne yawan mutane. Ya leƙa, ko ina duhu sai gidan wani Alhaji da ke bayanmu mai sola, fitilu ta ko ina har kan katanga, ya nuna shi. Na ce to gidan nan mutum huɗu ne a ciki da mai gadi, wancan gidan hayar kuma da ba ka gani sai ɗan hasken tocila, ya fi mutum arba'in. Rabin amsar tambayarka ke nan, amma bari mu faro daga tushe.

Ranar nan tamu tauraro ce guda ɗaya cikin wani garke mai taurari tsakanin biliyan 100 zuwa 400, shi ne farin tsirin nan kamar hayaƙi da ke ratsa sama in ka kwana a ƙauye. Larabawa suna ce masa hanyar masu ɗaukar ƙaiƙayi, wai kamar ƙaiƙayi ne ya zube a hanya. Irin wannan garke shi ake kira galaksi, kuma faɗin namu sai haske ya yi shekara kamar dubu 100 yana gudu kafin ya ƙure shi, hasken da ke cin kilomita dubu 300 a daƙiƙa ɗaya. Har zuwa farkon shekarun 1920 masana da yawa sun ɗauka garkenmu shi ke nan duniyar, sai Edwin Habul ya nuna cewa Andiromeda wani garke ne daban can waje, a 1929 kuma ya nuna garkunan suna nesanta da juna, wanda ya fi nisa ya fi gudu. In kuwa komai yana watsewa, to da can a cure yake. Lissafin yanzu ya ce shekara biliyan 13.8 ke nan da farawar abin.

Abin daɗi shi ne haske yana ɗaukar lokaci. Ranar da kake gani ta minti takwas da suka wuce ce. To in ka hango abin da haskensa ya yi shekara biliyan 13 a hanya, hotonsa na yarinta kake kallo, kamar wasiƙar da aka aiko tun mai ita yana goye ta iso bayan ya yi jikoki.

Yanzu yadda malamanmu suka koya mana garkunan suka samu. A farko babu tauraro ko ɗaya, iskar haidirojin ce da hiliyam kawai, da zafi, a baje kusan daidai wa daida ko ina. Na ce kusan, saboda akwai ɗan bambanci, nan ya ɗan fi can kauri da kamar kashi ɗaya cikin dubu 100. Ba zato ba ne wannan, an auna shi a cikin tsohon hasken da ya kuɓuce shekara dubu 380 bayan farawa, wanda wasu mutum biyu, Penzias da Wilson, suka ci karo da shi a Amurka a 1964 suna zaton kashin tattabaru ne ya ɓata musu eriya, har suka hau suka share. Tauraron ɗan adam mai suna COBE ne ya fara ganin bambancin a 1992. To wurin da ya fi kauri ya fi ƙarfin janyo abu, sai ya janyo na kusa da shi ya ƙara kauri ya ƙara ja, mai shi ake ƙara wa, kamar dai kuɗi.

Amma iskar ita kaɗai ba za ta iya ba, lokacin bai isa ba. Akwai wani abu da ba ya haske, ba ya tare haske, ba a taɓa kama shi a hannu ba, sai dai a ga aikinsa, ya ninka duk abin da muke gani sau biyar a nauyi. Ni ɓoyayyen nauyi nake ce masa in ina koyarwa. Fritz Zwicky ya yi zarginsa tun 1933, Vera Rubin ta zo a shekarun 1970 ta nuna taurarin gefen garke suna gudun da ya kamata a ce sun fice sun ɓace in ba wani abu ne ke riƙe da su ba. Shi wannan tunda ba ruwansa da haske, ya riga kowa fara curewa, ya haƙa kududdufai, iskar ta zo daga baya ta gangara ciki kamar ruwan sama, ta huce, ta dunƙule, taurarin farko suka kunnu wajen shekara miliyan 100 zuwa 200.

Daga nan kuma sai a hankali. Ƙananan garkuna su haɗe su zama matsakaita, matsakaita su haɗe su zama manya. Duk ɗan Kano ya san wannan labarin ba sai an koya masa ba, daga 'yan bukkoki a gindin Dala, aka zo aka yi ganuwa, Rumfa ya zo aka kafa Kurmi, yau kuma ga Hotoro ga Rijiyar Zaki ga Mariri, wuraren da iyayenmu ke cewa za su je ƙauye, gari ya haɗiye su. Garkenmu ma haka ya yi, akwai shaidar ya haɗiye wani ƙarami shekara kamar biliyan 10 da suka wuce, taurarin wancan har yanzu suna nan suna yawo a cikinmu ta hanyar da ta saɓa wa ta 'yan gari.

Kuma akwai dalilin da ya sa abin ba ya sauri, wannan shi ne wurin da na fi so. Tauraro in ya kunnu yana korar iskar da ke kusa da shi da zafinsa, manyan kuma ba sa daɗewa, shekara 'yan miliyoyi sai su fashe su watsa sauran iskar da za a yi wasu taurarin da ita. Wato wuta ce mai watsa itacenta. Shi ya sa a lissafi garke ba ya iya mayar da fiye da kashi 20 cikin ɗari na iskarsa taurari, yawanci ma bai kai haka ba. Garkenmu da duk girmansa, abin da yake haifa a shekara bai wuce nauyin rana ɗaya ko biyu ba.

To sai ga Jems Web, sabon madubin nan da saƙon yake magana a kai. An harba shi ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou a Kudancin Amurka, ya ci kuɗi wajen dala biliyan 10, kar ma ka fara mayar da shi naira za ka ji jiri. Madubinsa mita 6.5 ne, gutsure 18 masu kusurwa shida da aka shafe da zinare, a naɗe aka tafi da shi ya je can ya buɗe, yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga nan da wata laima mai hawa biyar da ke kare shi daga rana. Abin da ya bambanta shi da tsohon madubin da ya riga shi, wanda aka sa wa sunan Habul, shi ne irin hasken da yake gani. Sarari yana miƙewa, hasken da ya daɗe a hanya shi ma an ja shi kamar roba, ya tashi daga shuɗi ya koma ja, ya wuce ja ya shiga inda ido ba ya gani. A nan na sa yaron ya sauka ya ɗauko rimot ɗin talabijin, na kunna kyamarar wayata da ɗan cajin da ya rage, na ce danna. A ido babu komai, a fuskar waya kuwa ga ɗan ƙwan rimot ɗin yana ƙifta haske mai ruwan hoda. Ya yi ta dannawa yana dariya. Na ce to dangin wannan hasken Web yake kamawa, shi ya sa yake ganin abin da ya ɓuya wa na gabansa.

Hotunan farko sun fito a Yulin 2022. A Fabrairun 2023 wani masani mai suna Ivo Labbé da abokan aikinsa suka fitar da takarda a mujallar Nature, suka ce sun ga wasu jajayen ɗigo guda shida waɗanda haskensu ya taso shekara miliyan 500 zuwa 700 kacal bayan farawa, kuma in lissafinsu daidai ne nauyinsu ya yi yawa, ɗaya ma yana iya kai nauyin rana biliyan 100, wato yana neman kamo garkenmu na yau. Ka kwatanta. In ka mayar da shekarun halitta kamar dattijo ɗan shekara 70, to wannan hotonsa ne yana ɗan shekara uku, sai ka buɗe hoton ka ga yaro da gemu da tumbi. Ko kuma a ce Bagauda bai sauka daga karaga ba amma an riga an cika Kantin Kwari da benaye. Dole a yi ihu. Daga wannan ihun ne saƙon gurup ɗinmu ya samo asali, ya biyo hanya yana ƙara gishiri har ya iso Kano.

Abin da masu tura saƙon ba su faɗa ba, su masu takardar da bakinsu sun ce waɗannan 'yan takara ne, sai an tabbatar. Kuma ba wanda ya ɗora garke a sikeli. Haske ake gani, daga haske a ƙiyasta taurari nawa ne, daga nan a ce ga nauyi. Gidan Alhaji mai sola ke nan.

Da aka koma aka tsaga hasken irin waɗannan ɗigon kamar bakan gizo, wanda shi ne awo na gaskiya, sai aka ga da yawa cikinsu akwai iska a tsakiya mai juyawa da gudun fiye da kilomita dubu a daƙiƙa. Abin da aka sani yana juya iska haka shi ne baƙin rami, wurin nan da nauyi ya cure har haske ma in ya shiga ba ya fita. Ramin shi kansa baƙi ne ƙirin, amma abin da ke zagaye shi yana jiran a haɗiye shi yana gugar juna ya yi zafi ya yi hasken da zai iya danne na taurarin garken duka. Wato an ga janareto an ƙirga shi a matsayin jama'a. Da aka cire irin waɗannan daga lissafi sai gemun yaron ya ragu sosai, garkunan suka koma girman da tsohon lissafi zai iya ɗauka ba tare da ya karye ba.

Sai dai fa ban ce komai ya koma daidai ba, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokaina 'yan boko da ke son su ce ai ba abin da ya faru. Abu ya faru. Ko bayan an tace, garkuna masu haske a farkon zamani sun fi yadda aka zata yawa. Akwai wanda ake kira JADES-GS-z14-0 da aka sanar a Mayun 2024, haskensa ya taso wajen shekara miliyan 290 bayan farawa, a lissafin dattijonmu lokacin ko yaye shi ba a yi ba, faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 1,600, kuma wannan faɗin ya nuna hasken na taurari ne ba na rami ba, don na rami a ɗigo ɗaya yake taruwa. Abin da ya fi ɗaure kai, a 2025 na'urar ALMA da ke kan tsaunukan hamadar Atakama a ƙasar Chili, eriya 66 a jere, ta gano oksijin a cikinsa. Oksijin ba a zo da shi daga farko ba, a cikin taurari ake dafa shi, sai sun mutu sun fashe yake fita. In ka shiga kango ka tarar da toka a murhu ka san an riga ka girki. Ke nan tun kafin wannan lokacin wasu taurarin sun rayu sun mutu.

Sannan a Nuwamban 2024 wata masaniya a Jami'ar Janiba, Mengyuan Xiao, da tawagarta suka kawo wasu guda uku da suka yi wa laƙabi da jajayen dodanni, su kam an auna nisansu da kyau, suna cikin shekara biliyan ɗaya ta farko, kuma alamu sun nuna sun mayar da kusan rabin iskarsu taurari, ba kashi 20 ba. Ƙura ce ta lulluɓe su ta sa suka yi ja, kamar yadda rana ke yi in za ta faɗi a cikin hazon hunturu, shi ya sa Habul bai gan su ba duk shekarun nan.

To ta yaya? Bayanin da ya fi kwanta min shi ne na cunkoso. A lokacin da halitta ke da shekara miliyan 500, sarari bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa na yau ba ta kowane ɓangare, wato komai ya fi yau matsuwa sau dubu da wani abu. Iska mai sanyi tana kwarara cikin kududdufan nan ta wasu jijiyoyi kamar yadda motocin hatsi ke shiga Dawanau da kaka, ba tsayawa. In gajimaren iska ya yi kauri sosai yakan rufta ya zama taurari cikin ƙasa da shekara miliyan ɗaya, alhali manyan taurari sai sun yi kamar miliyan uku kafin su fara fashewa. Kafin mai kora ya iso an gama cin kasuwa an watse. Avishai Dekel da abokansa ne suka kawo wannan a 2023. Wasu kuma sun ce ƙananan garkuna ba a hankali suke haihuwa ba, a guguwa suke yi, su haska na ɗan lokaci su lafa, mu kuma daga nesa gidajen da ake biki kawai muke hangowa sai mu ɗauka haka unguwar take kullum. Akwai kuma masu cewa taurarin farko ƙatti ne, tauraro mai nauyin rana goma kuwa haskensa ya ninka nata sau dubbai, ka ga sai ƙiyasi ya zarce. Ni a ganina ba dole ɗaya ce kawai ta zama gaskiya ba, suna iya haɗuwa, Web ɗin ma shekarunsa nawa.

Yaron ya yi shiru har na ɗauka barci ya yi, can sai ya ce Baffa to shi ramin wa ya ba shi abincin da ya yi ƙato da wuri haka? Wallahi sai da na tashi zaune, don wannan tambayar ita ce ke hana manyan barci. Na tsakiyar garkenmu nauyinsa rana miliyan 4 ne, kuma bai kai komai ba in aka gwada shi da nauyin taurarin garken. Amma a 2023 an samu wani a garken da ake kira UHZ1, shekara miliyan 470 bayan farawa, Web da wani madubin sararin samaniya mai suna Chandra suka haɗu suka gano shi, nauyinsa yana neman yin kai ɗaya da na duk taurarin garken. Rami kuma yana da iyakar saurin ci, in ya cika haɗama hasken da ke fitowa sai ya ture abincin baya. To in daga gawar tauraro ɗaya ya faro, da wuya lokacin ya ishe shi. Shi ya sa irin su Priyamvada Natarajan ta Jami'ar Yale suka daɗe suna cewa wani ƙaton gajimare ne ke ruftawa gaba ɗaya ya zama rami kai tsaye ba tare da ya bi ta tauraro ba, wato an haife shi da haƙoransa. In haka ne, a wasu wuraren ramin ne ya riga garken, kasuwa ta kafu sannan gari ya zo ya kewaye ta.

Da aka kawo wuta washegari na yi caji na rubuta wa gurup amsa, na ce musu Babbar Fashewa tana nan, don tsohon hasken nan da miƙewar sarari da yawan hiliyam ba wanda Web ya taɓa, abin da ya girgiza shi ne lissafin saurin gina garkuna, kuma masu lissafin su suka fara tona kansu. Na ƙara da cewa imanina bai taɓa rataya a kan Bature ya yi kuskure ba, in na kalli hoton nan na farko na Web da aka ce duk dubban garkunan da ke ciki suna bayan abin da bai wuce ƙwayar yashi ba in ka riƙe ta a tsawon hannu, Subhanallah ce ke fitowa da kanta. Mutum biyu suka sa min alamar babban yatsa, wanda ya kira sunana ya ce Malam ka cika dogon turanci, alhali da Hausa na rubuta.

Shi kuwa ɗan yayana ya riƙe ni da alkawari. Na ce masa Andiromeda ana ganinta da ido ba madubi, ɗan dishi-dishi kamar an goga alli a baƙin allo, hasken ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya, amma ba a saman benenmu ba. Sai ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba kafin hazo ya sauko, a daren da ba wata, mu fita bayan gari wajen Dawakin Tofa bayan sallar isha mu duba sama ta arewa maso gabas. Ya riga ya rubuta a bayan littafin lissafinsa, har da cewa ni zan sayi mai da tsire.